Masu Jego Biyu

Arlit, 4 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga taubashina kuma bawana Mai Nasara, a Kona.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka. Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina tambayar ciwon ƙafarsa. Ni nan lafiya lau, sai aiki. Buhun siminti ya shiga mangaza, wato ɗakin ajiyar kamfani, buhun siminti ya fita, ni ina tsaye da makulli kamar na gadon gidanmu.

Bayan haka, labarin damina ya iso mu. Duk direban da ya zo daga Tasawa maganarsa ɗaya, wai gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Allah ya kawo sauƙi. Na san ku da haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne karyata Ƙyalesu da na bar maka amana. Na yi lissafi tun daga ranar da muka gan ta da karen Fulani a bakin rijiya, ana saura kwana uku hutuna na konje ya ƙare. Karya kwana sittin da uku take yi da ciki, haka marigayi mahaifina ya koya mini, kuma bai taɓa kuskurewa da fiye da kwana biyu ba. Ke nan tsakiyar watan nan za ta sauka. Ka san ita kaɗai ta rage daga jinin karnukansa. Tun da aka hana farauta kowa ya watsar da nasa, ni na kasa.

Akwai kuma wata magana. Na ba shef ɗina, babbanmu a wurin aiki, labarinta, dogayen ƙafafu, shafaffen ciki, gudun da zomo ba ya tsere masa, sai ya ce lalle yana son ɗa guda. Na yi masa alkawari. Ana rage ma'aikata a nan, kuma wanda shef ke dariya da shi ba da shi ake fara sallama ba.

Saboda haka ka shirya wa mai jego ɗaki. Ka shimfiɗa mata tsohon buhu a gindin rumbu, tunda rumbun bana ba shi da wani aiki. Kada ka ce mini najasa, na san bakinka. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka bautarka gare ni ta gado ce, bawa kuwa ba ya zaɓen aiki.

Haza wassalam. Ubangidanka,
Maharazu

*

Kona, 20 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga Maharazu, ubangijin da ba ya ciyar da bawa.

Na amsa gaisuwa. Baba yana amsawa, ƙafar tana nan yadda ka bar ta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, ba na makarantar lakwal ba.

Direbobi ba su yi maka ƙarya ba. Gonar gabas dami biyu ta ba ni, ta yamma ko kara ban ɗauko ba. Mun fara jiƙa 'ya'yan anza na daji. Kwana huɗu ana sake mata ruwa kafin ɗacin ya ragu, kuma ko ya ragu ita ce dai anza. Rabin garin nan ya tashi. An rufe iyakar Najeriya, amma yunwa ba ta tambayar hanya.

Lissafinka ya fita. Ran Alhamis gimbiyarka ta sauka a gindin rumbu, huɗu, uku jajaye ɗaya mai farin wuya. Ta ƙi buhun da na shimfiɗa, ta tona raminta da kanta. Ina ba ta wankin tukunya. Maƙwabta na kallona kamar wanda ya taɓu, mutum na cin anza yana kiwon karya.

Akwai wani labarin kuma. A cikin ɗaki ma an sauka, ran Asabar, kwana biyu bayan taka. An samu ƙaruwa, namiji. Ka san na fari ne, ba a bakina za ka ji fiye da haka ba. Bisa al'ada gidansu ya kamata Zara'u ta tafi goyon ciki, to gidan nasu na ƙasar Mayahi ya watse, mazan duk sun yi kudu. Uwarta Inna Hindu ce ta zo da ƙafa, ita ke yi mata wanka da ɗan itacen da nake samowa. Ka ga yanzu masu jego biyu gare ni a gida ɗaya, da rumbu babu komai.

Zan ba wani ɗan garinmu takardar nan, ya ce arewa zai yi neman aiki, zai bi ta wurinku.

Bawanka,
Mai Nasara

*

Kona, 1 ga Disamba 1984

Zuwa ga Maharazu.

Gaisuwa da fatan alheri. Baba na gaishe ka. Yau babu wasa a bakina, ka yi mini uzuri.

Ka ji abin da aka samu a takardar da ta wuce. To mai jego nono ya ƙafe. Kwanakin farko akwai ɗan kaɗan, yanzu ko an matsa babu. Ta rame, haƙarƙari a waje, in ta tashi sai ta yi tangaɗi. Ɗan da ta haifa ya kama ya ja ya saki ya yi kuka, har muryar ta fara dushewa. Na zaga garin nan ko akwai mai shayarwa da za ta karɓe shi, kowace da nata a bushe. Awaki an sayar, waɗanda ba a sayar ba sun mutu. Bafulatanin da ke kawo mana nono ya kora abin da ya rage masa ya yi kudu.

Na ji an ce a kantin kamfaninku ana sayar wa ma'aikata madarar gwangwani. Ban taɓa roƙonka komai ba tun muna yara. Ka aiko da abin da ka iya, da wuri. In kuma ka san wani abu da ke kawo nono, ka faɗa mini.

Wannan ta hannun direban Tasawa zan ba da ita, shi ba ya kwana a hanya.

Mai Nasara

*

Arlit, 10 ga Disamba 1984

Zuwa ga bawana Mai Nasara.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina fatan haka gare ku. Ka ce akwai takardar da ta wuce, ni dai ban ga komai ba, wannan ce ta farko da ta zo hannuna tun da na rubuto maka. Da har na fara cewa bawa ya yi tawaye.

Na yi murna da saukar Ƙyalesu, na yi baƙin ciki da sauran labarin. Ɗa guda tak? Uwarta bakwai take zubawa. Yunwa ce. Amma ka ba ni dariya, kai da ke cewa najasa, yau kai ne ke zaga gari kana nema wa kwikwiyo mai shayarwa. Ashe ta shiga ranka.

Ka kwantar da hankalinka, abin yana da magani, kuma duk a ƙasa yake. Ga yadda mahaifina ke yi. Da fari ruwa: kada kaskonta ya bushe, nono ruwa ne. Sannan kunun gero mai ruwa-ruwa da ɗan ƙanƙanin kanwa, kamar na matan jego, amma a bar shi ya huce, kuma kada a sa yaji. Sau uku a rana kaɗan-kaɗan ya fi sau ɗaya da yawa. Ka samo ƙashi wurin mahauta, ko wanda aka yar ne, ka fasa shi ka dafa har ɓargon ya fita, ka dama kunun da romon. Ka daka busasshen zogale ka barbaɗa. Ka duba inda ruwa ke zuba a bakin rijiya, za ka ga nonon kurciya, ciyawar nan mai fitar da farin ruwa in an tsinka. Ka tafasa 'yar kaɗan ka zuba ruwan a kunu. Safe da yamma ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ka gasa mata hantsa, ka mayar da ɗan ya kama ko babu komai, don tsotso ke kiran nono. Kuma a bar ta a inuwa, kada a dame ta. Karya in hankalinta ya tashi riƙe nono take yi.

Na ba direba ƙulli biyu. Ɗaya kanwa ce, ɗaya hulba, wadda Larabawa ke sayarwa a nan. Ka jiƙa cikin cokali guda ta kwana, ka zuba a kunun safe.

Madarar gwangwani kuwa ban aiko ba. Ana sayarwa, gaskiya ne, amma zawo take sa kwikwiyo, na gani da idona. Kai ma dai da zuzuta abu. Ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutane na cin anza, a ce karya na shan madara?

Ka yi iya ƙoƙarinka a kan ɗan, don na shef ne. Amma in ya ƙi rayuwa kada ka sa wa ranka damuwa. Uwar ce jari. In ta rayu, baɗi ta sake wani.

Ubangidanka,
Maharazu

*

Kona, 20 ga Disamba 1984

Maharazu,

Muna gaishe ka. Baba lafiya. Sauranmu ga mu nan.

Ran da direba ya aiko a zo a karɓi saƙo, da sassafe na taka zuwa Tasawa. Da na ga ƙulli biyu da ba su cika tafin hannu ba, na ce wataƙila gwangwanayen na tafe a wata mota, bayanin na cikin takarda. Ban buɗe ta a hanya ba. Na so in karanta a gaban Zara'u, ta ji da kunnenta cewa ina da ɗan'uwa.

Na zauna a bakin ƙofar ɗaki, ita tana ciki, uwarta na gefe. Na fara da ƙarfi. Da na kai wurin kwikwiyo na gane, na dakatar da karatun.

Zara'u ta ce, "Ci gaba, ina ji."

Na ce sauran gaisuwa ce.

Ta ce, "Gaisuwa ba ta cika takarda gaba da baya. Karanta mani duka."

Na karanta duka, har uwar ce jari, har baɗi ta sake wani. Ta juya fuska ga bango. Inna Hindu ce ta yi magana, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba tun da na auri ɗiyarta. Ta ce, "Wanga ɗan'uwan naka, da kai yake zumunta ko da karya?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in rubuta abin da bai kamata uba ya rubuta ba. Mai jegon da nake faɗa maka mutum ce. Zara'u ce, matata. Ta haihu ran 17 ga Nuwamba. Ɗan da ke kuka ɗana ne, na fari. Shi na roƙa wa madara.

Na san za ka ce takarda ce ta ɓata. Na yarda, ta ɓata. Amma da ka zo konje wata guda ka yi a gidan nan. Zara'u ce ke kawo maka ruwan wanka, cikinta wata bakwai, sai ta dafa bango take miƙewa. Ka gani. Ka zauna a Arlit ka ƙirga wa karya kwana sittin da uku ba kuskure, ba ka ƙirga wa matata wata tara ba. A takardunka biyu babu inda ka ce ina Zara'u. Wannan ba ɗan aike ne ya ɓatar da shi ba. Raina ya ɓaci da kai ɓacin da ban taɓa yi da kowa ba.

Duk da haka mun bi maganinka, mai neman ruwa ba ya zaɓen rijiya. Inna Hindu ta ce ai duk abin da ka lissafa shi ake ba mata, ban da ƙashin da aka yar. Har shi na samo. Hatsin taimako ya zo, jar dawa, soja na tsaye ana kiran sunaye, gidanmu tiya uku. Da ita muke kunun, da kanwarka da hulbarka. Nonon kurciya na samu tsiro biyar a bakin rijiya. Ana gasa mata da ruwan ɗumi safe da yamma. Abin da ke fitowa bai cika cokali ba. Na kai yaron likita a Tasawa, suka auna shi, suka ce uwar ce ba ta ƙoshi, a ba ta abinci mai kyau. Na yi musu godiya.

Karyarka huɗu ta haifa, ɗaya ya mutu. Ita ke lashe tukunyar kunun.

Ina sake roƙonka madarar, kuma ka san abin da sake roƙon ya ci mini.

Mai Nasara

*

Arlit, 30 ga Disamba 1984

Zuwa ga ɗan'uwana Mai Nasara.

Gaisuwa. Yaya Zara'u? Yaya yaron? Yaya Inna Hindu da Baba?

Jiya na karɓi takardarka a bakin mangaza. Na karanta na zauna a ƙasa. Ban san da wace fuska zan rubuto maka ba. Wallahi, Mai Nasara, ban sani ba. Ni na fara kiran karya mai jego da bakin wasa, da na ga kalmar a takardarka sai na ɗauka wasana ka mayar mini. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da ka ba takardar farko ban gan shi ba har yau, an ce a Agadas ya tsaya.

Amma maganar da ka faɗa ta biyu gaskiya ce. Na ga cikin Zara'u. Na sha ruwa daga hannunta. Na dawo nan, tsoron sallama ya cika mini kai, na manta da kowa sai abin da zai faranta wa shef rai. Wannan laifina ne, ba na takarda ba. Abin da na rubuta a ƙarshen waccan takardar, da za a iya lashe tawada da na lashe. Ka roƙa mini Zara'u gafara, in ta ƙi ba ta yi laifi ba.

Na shiga kantin yau da safe na ɗauki katan guda na madarar jarirai, da buhun shinkafa, da sukari, da mai. Matar wani abokin aikina ta ce a tafasa ruwan sosai kafin a dama, a ba shi da cokali mai tsabta. Direbanmu na Tasawa motarsa ta lalace, tana gareji, sun ce kwana uku. Na nemi wata ban samu mai zuwa wajenku ba. Na nemi izinin in kawo da kaina, shef ya ce wanda ya tafi yanzu ya tafi ke nan. Na tsaya. Wannan ma ka rubuta shi cikin laifuffukana.

Karyar kuwa, ka yi yadda ka ga dama da ita. Ka kore ta, ka ba da ita, ban damu ba.

Ka faɗa mini sunan yaron. Na san ba a tambayar uba, amma ba ni da wanda zan tambaya.

Ɗan'uwanka,
Maharazu

*

Kona, 11 ga Janairu 1985

Maharazu,

Mun amsa gaisuwa. Baba lafiya. Inna Hindu ta koma ƙasar Mayahi shekaranjiya, aikin da ya kawo ta ya ƙare.

Kayanka sun iso ran 9 ga wata, babu abin da ya ɓata. Mun gode. Yaron ya rasu ran 5, da hantsi, yana da kwana arba'in da tara. A kwanakin ƙarshe ya daina kuka, mun ɗauka sauƙi ne. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, a hannu ɗaya.

Katan ɗin madara na ba matar maƙwabcinmu, tagwaye gare ta, Husaina ce ta rage. Tana sha. Shinkafar muna ci, ba zan yi maka ƙaryar cewa mun ƙi ba.

Na isar da saƙonka ga Zara'u. Ta ce Allah ya yafe mana duka. Ban sani ba ko da kai a ciki.

Ni kuwa na zauna na yi lissafi irin naka. Da takardar 1 ga Disamba ta ce ɗana, da madarar ta iso kafin ashirin ga wata. Kalma ɗaya ce, harafi huɗu, na iya rubuta ta. Na ji kunya, na zagaya, na ce mai jego, na ce ɗan da ta haifa, don kada a ce Mai Nasara ya kama sunan ɗan fari da bakinsa. Kwana ashirin kunyar nan ta ci. Ina jin haushinka, Maharazu, har yanzu, amma in na gama da kai sai in tarar da kaina a tsaye yana jira. Ban san wanda zan fara yafe wa ba.

Ka tambayi sunansa. Da yana raye ba za ka ji daga gare ni ba, yanzu babu wanda zan ji wa kunya. Maharazu ne. Ni na roƙi Baba ya raɗa masa shi, ranar suna, da ɗan akuyar da ya rage mana. Na ce yaro ya tashi da ubangida a wurin aiki.

Sai batun amanarka. Maganin mahaifinka yana da kyau, ka riƙe shi. Daga lasar tukunyar kunun nan mai hulba, da ɓerayen da take tonowa a ƙarƙashin rumbu, nonon Ƙyalesu ya dawo cikin mako guda. Hantsa har tana jan ƙasa. 'Ya'yan uku sun yi ɓul-ɓul, duk garin nan babu mai ƙibarsu. Mai farin wuyan ya fi kyau, shi ya dace da shef ɗinka.

Ka ce in kore ta. Na gwada, na kai ta har bayan gonar yamma, ta riga ni dawowa gida. Kashe ta kuwa ba zan iya ba, ba ta yi mini komai ba.

Ka sa direba ya zo ya ɗauke su duka, har uwar, cikin makon nan. Rumbun yana jikin bangon ɗaki, kuma Zara'u tana jin su in suna tsotso.

Mai Nasara